Shafin da ba ya cinye data, da waƙafin da ke karya shi

1/ Masu koyon gina shafin intanet, ku matso. Duk wanda ya taɓa cike fom ta waya a ƙauyukan Baure ko Zango ya san takaicin: ka danna "aika", shafi ya yi fari fat, sabis ya ɗauke, duk abin da ka rubuta ya bi ruwa.

2/ Wannan ne ya sa na nace wa AJAX. Jesse James Garrett ne ya raɗa masa suna a 2005. Burauza ta aika saƙo zuwa sabar a bayan fage, shafi na nan daram, amsa ta dawo, a canza ɗan wurin da ya kamata kawai.

3/ Ni da Ruby on Rails nake aiki, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004. Ina haɗa wa yayata shafin karɓar odar turaren wuta. Kwastomominta daga Daura zuwa Mai'adua da ƙaramar data suke shiga. Shafi ya yi nauyi, su koma wajen wata.

4/ Ga yadda yake. Fom ya tafi da remote: true. A can sabar, respond_to ya ga format.js, sai ya haɗa fayil ɗin create.js.erb ya turo. Abin da ke zuwa umarnin JavaScript ne: "ƙara wannan layin a jerin oda, ka share fom." Burauza ta aiwatar nan take. Babu sake sauke hotuna.

5/ Amma fa akwai tarko. Ana cusa guntun HTML ne cikin zaren JavaScript, tsakanin alamomin zance. Mu kuwa rubutunmu cike yake da waƙafin sama: jama'a, sana'a, Mai'adua. Guda ɗaya a cikin rubutun shafin ya isa ya yanke zaren. Sabon layi ma haka.

6/ Abin haushin, ba ya ihu. Sabar ta ce 200, lafiya lau, oda ta shiga, shafi kuwa ko gezau. Kwastoma ta sake dannawa sau uku, yayata ta ga oda uku.

7/ Maganin harafi ɗaya ne: j, wato escape_javascript, kafin render. Sannan ka kulle maɓallin har amsa ta dawo.

8/ Rails 7 na 2021 ya koma kan Turbo, mai turo HTML kai tsaye, wannan tarkon ya ragu. Amma tsofaffin manhajoji na nan da js.erb birjik, su za a fara miƙa mana gyara.

9/ Shawarata: kar ka yi gwaji da "John" a kan wayifai. Saka rubutun Hausa na gaske, ka rage gudun intanet a burauzarka, ka danna maɓallin sau uku. In ya tsira, to turo min in gani.