Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Mu da Finafinan Leƙen Asiri

Masu iya magana sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan karin magana ita ce jigon wasu finafinai da muka daɗe muna bibiya a nan Abuja, wato finafinan leƙen asiri. Sai dai su ma suna suka tara. Akwai irin na James Bond, wanda tun daga Dr. No na 1962 yake kutsawa cikin ruwan harsashi, ya kar da mazaje ashirin, ya kaɗe ƙurar kwat ɗinsa, ya wuce abinsa. Irin wannan mukan kalla mu yi shewa, kafin gari ya waye mun manta. Wanda yake kwana a zukatanmu shi ne fim ɗin da jaruminsa ke zaune a wani ƙuntataccen ofis, da tulin takardu a gabansa, yana neman gano wanda ke cin amanarsa a cikin abokan aikinsa.

Uban tafiya a wannan fage shi ne marubucin nan na Ingila, John le Carré, wanda ya rasu a 2020. Shi da kansa ya yi aiki a hukumomin asirin ƙasarsa, MI5 da MI6, don haka waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A fim ɗin The Spy Who Came in from the Cold na 1965, an tura Alec Leamas Jamus ta Gabas a kan zai ga bayan wani babban jami'in abokan gaba, ashe shugabanninsa sun tura shi ne domin su kare mutumin, saboda yaronsu ne. Ƙarshenta a jikin katangar Balin aka harbe shi. A Tinker Tailor Soldier Spy na 2011 kuwa, an kira dattijo George Smiley daga ritaya domin ya zaƙulo ɗan leƙen asirin Rasha da ke zaune a cikin manyan hukumar. Labarin ya samo tushe daga Kim Philby, jami'in Ingila da ya tsere zuwa Mosko a 1963. Haƙiƙa da ɗan gari akan ci gari.

Abu na farko da ke jan mu ga waɗannan finafinai shi ne yadda suke girmama hankalin mai kallo. Ba a tauna maka a ba ka a baki. Dole ka lura da wanda ya yi shiru lokacin da ya kamata ya yi magana, da wanda ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Mu da muke nazarin harshe mun san wannan aiki, domin shi muke yi idan muna warware zambo da habaici. Bahaushe ya saba da zancen da ke da gaba da baya, saboda haka Smiley ba baƙo ba ne a wurinmu. Kamar wani tsohon bafade yake, mai sauraro da yawa, mai magana kaɗan.

Abu na biyu shi ne, tarihinmu cike yake da irin waɗannan labarai. Ranar 5 ga Yuli, 1984, aka sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri a gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa da ke Landan. Sakatariyarsa ce ta hango abin ta kira 'yan sanda. Daga bisani jami'an kwastan a filin jirgin sama na Stansted suka buɗe wani akwatin katako, suka same shi a sume, ga likita a gefensa yana kula da numfashinsa. Abin da ya rusa shirin shi ne rashin cika ƙa'idar da za ta mayar da akwatin kayan jakadanci, wanda doka ta hana a buɗe. An ɗaure mutum huɗu, Isra'ilawa uku da ɗan Nijeriya ɗaya. Dubi yadda shiri mai tsada ya wargaje a kan takarda da hatimi! Wannan shi ne ainihin abin da finafinan kirki suke nunawa. Haka kuma masu nazari da dama suna danganta The Constant Gardener na 2005 da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ko da yake a Kenya aka gina labarin.

Abu na uku ya fi taɓa mu. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumar NSO, ta kafa guda uku a madadinta: SSS, wadda aka fi sani da DSS a yau, da NIA, da DIA. Dukkansu a wannan birni suke da hedkwata, kuma mukan gifta ta gaban katangunsu. Ba abin mamaki ba ne idan wasu daga cikinmu, bayan kammala karatu, suka sami kansu a can suna fassara maganar da wani ya yi da Hausa cikin sirri. To, a ranar, wane irin kunne za mu sa? Fim ɗin Jamus The Lives of Others na 2006 ya yi mana wannan tambaya. Wani jami'in hukumar Stasi, wadda ma'aikatanta suka haura 90,000 kafin rushewarta, an sa shi sauraron wani marubucin wasan kwaikwayo dare da rana. Sannu a hankali ya gane cewa wani minista ne ke neman budurwar marubucin, shi ya sa ake son a ɗaure shi. Jami'in ya rufa masa asiri, ya rasa muƙaminsa. Ƙasa tana buƙatar masu tsaron asirinta, musamman a zamanin da muke fama da masu tayar da ƙayar baya. Amma kunnen da aka kafa domin tsaron jama'a yana iya komawa bawan son zuciyar mutum ɗaya.

Daga ƙarshe, muna da kira ga marubutanmu. Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa sun yi nisa a sha'anin soyayya da zaman aure. Izu Ojukwu ya nuna a fim ɗinsa '76 na 2016 cewa ana iya ɗauko makircin da ya kai ga kisan Janar Murtala a gina labari mai nauyi a kansa. Akwatin Stansted ma yana nan yana jiran alƙalamin da zai buɗe shi da Hausa. Wanda zai yi wannan aiki sai ya karanta tarihi, ya kuma iya tsara shiru kamar yadda yake tsara magana. Allah ya sa a cikin masu karanta wannan mujalla za a same shi.