Tsohon Babur Ba Ya Son Ganganci

A Ƙanƙara ba ma jira sai babur ya fara tari kafin mu kula da shi. Tsohuwar Boxer shan baƙin mai take yi, shi ya sa kullum da safe mukan duba shi kafin mu tayar da ita. In ya tsinke, sai juye. Ƙurar hunturu kan toshe matatar iska, fulogi ya yi baƙi. Mu wanke, mu goge, mu ɗaure sarƙa.

Tun 2023 da aka cire tallafin fetur, naira ta faɗi, sabon babur ya gagari yawancinmu. Kuma duk mai bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ya san wuraren da ba a fatan inji ya mutu da magariba. Gara kuɗin juye da kuɗin fansa.