Takardar Terrill da Gonar Kakana

Kakana na wajen uba ya rasu ina ɗan shekara tara, ya bar gona guda wadda kowa a gidanmu ya san ba ta cikin gado. A zaure ya faɗa, bayan sallar La'asar, cewa amfaninta na malamin makarantar allon unguwarmu ne, ko wane ne ya zama malamin, har illa masha Allahu. Mutum huɗu suka shaida. Ba a rubuta ba, domin a wancan lokaci neman a rubuta maganar dattijo tamkar tuhumarsa ne da ƙarya. Shekara ashirin da 'yan kai ana kai wa malamin dammunan gero da dawa duk kaka. Sai gari ya faɗaɗa, kwalta ta ratsa kusa da wurin, gona ta zama fili, fili ya zama fulotai. A lokacin uku daga cikin shaidun sun riga mu gidan gaskiya, na huɗun kuma tsufa ya tafi da tunaninsa. Aka yanka rabin gonar aka sayar. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka sayar jinina ne, har gobe muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza.

Da wannan miki a zuciya na je birnin Bristol, a kudu maso yammacin Ingila, wani ɗan gajeren horo na aikin jarida. Wata Asabar ina yawo a unguwar kasuwa ta Broadmead, na ɗaga kai na ga wani ginin kankare a bisa jerin shaguna, an rubuta cewa cocin Baftis ne. Ginin na ƙarshen shekarun 1960 ne, amma jama'ar da ke ibada a cikinsa tun 1640 take. Abin da ya tsayar da ni shi ne labarin wani dattijonsu mai suna Edward Terrill, wanda ya yi abin da kakana ya yi, wato ya keɓe dukiya don ciyar da malami. Bambancin kawai, shi ya rubuta.

Sai an san halin da waɗannan mutane ke ciki kafin a gane nauyin rubutun. Bayan da sarauta ta dawo Ingila a 1660, majalisa ta yi ta fitar da dokoki a kan Kiristocin da suka ƙi bin Cocin Ingila. Dokar 1662 ta raba fastoci wajen dubu biyu da muƙamansu. Ta 1664 ta haramta taron ibada na fiye da mutum biyar, ban da mutanen gida, in ba bisa tsarin cocin gwamnati ba. Ta 1665 ta hana korarrun fastoci kusantar garuruwansu da tazarar mil biyar. Jami'o'in Oxford da Cambridge kuwa ba sa ba irinsu digiri, kuma ba a gama buɗe musu ƙofa ba sai a 1871. Terrill, wanda asalin sana'arsa rubuta wa mutane takardun ciniki da koyar da rubutu ne, shi ya riƙa rubuta tarihin ikilisiyar a wannan zamani. An buga kundin nasa a 1847, kuma yanzu ana samun sa a intanet. A ciki ne na karanta dabarar labule: sukan rataya labule a ɗakin taro, mai wa'azi ya tsaya a bayansa tare da amintattun 'yan'uwa, mata su cika matakalar bene don su jinkirta masu shigowa. Da an ba da alamar 'yan leƙen asiri sun iso, sai mai wa'azi ya zauna, a janye labule, kowa ya kama rera Zabura, a rasa wanda za a kama da laifin wa'azi. Da tsanani ya ƙaru suka koma yin ibada a cikin dazuzzukan bayan gari. Fastonsu George Fownes a kurkukun Gloucester ya mutu a 1685.

A tsakiyar wannan guguwa, a 1679, Terrill ya zauna ya rubuta takardar kyauta. Ya keɓe dukiya don a riƙa ɗaukar nauyin malami ɗaya a ikilisiyar, wanda ya ƙware a Girkanci da Ibrananci, harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su, bisa sharaɗin ya ware wani ɓangare na makonsa yana koyar da samari masu shirin zama fastoci. Mu a nan sunan wannan abu waƙafi, ko hubusi a bakin Kanawa: a tsare asalin dukiya, a sadaukar da amfaninta, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Shari'ar Ingila tana da nata tsarin na amana, amma manufar ɗaya ce.

Kasada ce babba. Ikilisiyar ba ta da matsayi a idon doka, ba ta iya mallakar ko da taku ɗaya na ƙasa da sunanta. Saboda haka sai a rubuta dukiyar da sunan wasu amintattu, idan mutuwa ta rage yawansu sauran su naɗa sababbi da sabuwar takarda. Kuma kotu tana iya ƙwace komai. A 1684 an yi shari'ar wani mutum da ya bar fam 600 a hannun shahararren malamin nan Richard Baxter don a raba wa korarrun fastoci 60. Kotu ta ce wasiyyar ba ta inganta ba, ta karkatar da kuɗin zuwa wata hidimar. Sai bayan dokar sassauci ta 1689 aka warware hukuncin. Terrill bai ga wannan sassauci ba, ya rasu a tsakiyar shekarun 1680. Malamin da ya yi mafarki ma bai samu yadda ya kamata ba sai a 1720, da aka ɗauko Bernard Foskett. Shekara 41 ke nan takarda na jiran mutum. Daga wannan ne Kwalejin Baftis ta Bristol ta tsiro, wadda ake ɗauka mafi tsufa a irinta a duniya, kuma har yau tana aiki.

Na yi kwanaki ina bin bayanin irin takardun da waɗannan asusai na taimakon fastoci da dattawan ikilisiya suke bari, kuma in faɗi gaskiya, babu abin da ya kai su gundura a ido. Yarjejeniyar haya ce, da jerin masu biya da masu bashi, da kuɗin gyaran rufi, da takardun naɗa sababbin amintattu ɗaya bayan ɗaya. Ana biyan haya sau huɗu a shekara, 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba da 25 ga Disamba. A yammacin Ingila akan ba da haya na tsawon rai uku, wato a ambaci mutum uku, hayar ta ci gaba muddin ɗayansu na numfashi. Shi ya sa takardar gida kan zama rajistar mutuwa ba da niyya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne bakin fatar da ake rubutun a kai. Tsohuwar al'ada ita ce a rubuta yarjejeniya sau biyu a fata guda, a raba ta da yanka mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto, kowane ɓangare ya riƙe rabi. Ranar gardama a haɗa, in bakin ya dace, magana ta ƙare. Da na fahimci wannan sai na tuna shaidan nan na huɗu, yana zaune a kan buzu, ana tambayarsa abin da aka faɗa a zaure yana murmushi yana tambayar ko an yi kiran salla.

Na yi hassada, ba zan ɓoye ba. Har na fara tsara wani rubutu mai zafi a raina, irin wanda muka saba yi, na cewa su suna rubutawa mu ba ma rubutawa. Da na ƙara karatu sai zafin ya sauka, don dalili biyu. Na farko, ba gaskiya ba ne cewa ba mu san rubutu ba. Alƙalan ƙasar Hausa sun daɗe suna rubuta hukunci da rabon gado. Kunya ce ta hana a zauren kakana, ba jahilci ba. Na biyu kuwa ya fi nauyi.

Takardar dukiya ba ta iya ladabi ba. Wa'azi yana iya tsallake abin da bai so, tarihin da almajiri ya rubuta wa malaminsa yana iya rufe ido, amma takardar mallaka dole ta faɗi me aka mallaka, a ina, daga hannun wa. Terrill ba da alƙalami kaɗai ya yi arziki ba. Ya shiga cinikin sukari, yana da hannu a matatar sukari ta Whitson Court a Bristol, kuma iyalinsa sun mallaki gonar rake a tsibirin Barbados. A wancan zamani raken Barbados bayi 'yan Afirka ne ke noma shi, a ƙarƙashin dokar bayi ta 1661 wadda sauran yankunan mallakar Ingila suka kwafa saboda tsananinta. Ga mutum an sha ɗaure shi saboda ya ƙi yarda gwamnati ta mallaki imaninsa, ga kuma dukiyarsa tana ɓuɓɓugowa daga inda ake mallakar mutum ɗungurungum. Hannun da ya rubuta labarin labule da Zabura, shi ne ya sa hannu a kan lissafin sukari.

Bristol ta san wannan ciwo. Daga 1698, da aka buɗe fataucin bayi ga kowane ɗan kasuwa, jiragenta suka shiga gadan-gadan, kuma a ranar 7 ga Yunin 2020 masu zanga-zanga suka tumɓuke gunkin Edward Colston suka jefa shi a ruwan tashar jirage. Amma Colston mai sauƙin tsana ne. Terrill ya fi wuyar sha'ani, domin alherin da ya shuka ya yi 'ya'ya na gaske, har da waɗanda suka juya suka sari tushen. William Knibb a Broadmead aka yi masa baftisma, ya tafi Jamaika a tsakiyar shekarun 1820. Bayan tawayen bayi na 1831, wanda wani dikon na Baftis, Samuel Sharpe, ya jagoranta, Knibb ya dawo Ingila yana zaga gari-gari yana faɗin abin da idonsa ya gani, har majalisa ta zartar da dokar soke bauta a 1833. Abokin aikinsa Thomas Burchell a kwalejin Bristol ya yi karatu. (Kada a haɗa su da Baftis ɗin Najeriya, su nasu tushen daga Amurka ne, ta hannun Thomas Bowen da ya iso ƙasar Yarbawa a 1850.) Wasu na son su ce wannan ya wanke kuɗin. Ni ban ga haka ba. Wanda ya mutu a gonar rake a 1680 bai karɓi komai daga dokar 1833 ba. Abin da zan iya cewa kawai, ba don takardun ba, da babu wanda zai iya tayar da maganar ma.

Na dawo gida da niyyar ceto rabin gonar da ya rage. Na sami lauya, ya bayyana mini abin da dokar amfani da ƙasa ta 1978 take nufi ga irin wannan fili, ya ce in tattaro iyakoki, da sunayen amintattu, da yadda za a maye gurbin wanda ya rasu, da kuma tarihin mallaka: daga ina kakana ya sami gonar? Baffana, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce gado ce. Na ce daga wa? Ya ce daga iyaye da kakanni. Goggona ce, da dare, tana ɓare gyaɗa, ta ba ni amsar ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce wurin yanki ne na rinjin kakan kakanmu. Ta ambaci wasu gidaje uku a ƙauyen da ke gabas da mu, waɗanda tun ina yaro na lura dattawansu na yi wa namu wata irin gaisuwa da ban taɓa tambayar dalilinta ba. Ta ce kakanninsu ne suka sare dajin.

Na san kalmar rinji daga littafi. Na karanta aikin Paul Lovejoy da Jan Hogendorn a kan yadda bauta ta yi jinkirin mutuwa a Arewa: sanarwar Lugard ta 1901 ta 'yanta waɗanda za a haifa daga baya ne kawai, manya kuwa da yawa sai da suka biya murgu suka fanshi kansu, kuma ba a soke bautar baki ɗaya ba sai a 1936. Na taɓa yin rubutu ma a kai. Ban taɓa tunanin geron da na raka aka kai wa malam a amalanke, ina alfahari da kakana, daga irin wannan ƙasa ya fito ba. Ba ina cewa rinji da gonar raken Barbados abu ɗaya ne ba, akwai bambance-bambance da masana suka daɗe suna muhawara a kai. Sai dai na lura cewa ban fara sha'awar waɗannan bambance-bambance ba sai da maganar ta zo ƙofar gidanmu.

Washegari na kai wa Baffa daftarin. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya yaba da sashen amintattu, har ya ba da shawarar a sa limamin unguwa a ciki. Da ya zo sakin layi na uku, inda na rubuta asalin gonar kamar yadda Goggo ta faɗa, na kuma ba da shawarar a ware kaso daga amfanin don karatun yaran gidajen nan uku, sai ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa.

“Ɗana, wa ya aike ka? Mutanen nan mun zama ɗaya, mun yi auratayya. Ka rubuta wannan, jikokinsu za ka tona wa asiri, ba mu ba. Ka tambaye su ko suna so a rubuta?”

“Ban tambaya ba, Baffa.”

“To.”

Ba ni da amsa, domin ba ƙarya ya yi ba, ko da yake na san ba wannan kaɗai ne dalilinsa ba. Lauyan ya ce doka ba ta buƙatar sakin layin. Kalmar “gado” ta wadatar, kuma masu sayen fulotai sun riga sun fara zagaya ragowar filin, don haka kada in ɓata lokaci. Daftarin yana cikin kwamfutata wata na biyu ke nan, sakin layi na uku na cire shi na mayar ya fi sau biyar. Ranar Juma'a mai zuwa na yi alkawari da dattijon ɗaya daga cikin gidajen ukun, bayan an sauko daga masallaci. Na ce masa gaisuwa ce kawai zan zo.