Danne-danne Ba Iyawa Ba Ne

Ranar Asabar na tarar da ɗana yana huci a gidanmu da ke Barnawa, wai ƙanwarsa ta cinye shi a Tekken, wasan faɗan bidiyo da ya fito daga Japan a 1994. Maɓallan kai hari huɗu ne, biyu na hannu, biyu na ƙafa. Ita danna su kawai take yi ba lissafi, ta ci sa'a. Da ya nutsu, sai ya riƙa karewa, in ta kai naushi a banza ya rama. Ba ta sake ci ba.

Nan take na tuna ajina na Islamiyya. In ana biya karatu tare, murya har titi. Amma ki tsayar da yarinya ita kaɗai, ba madda, ba gunna, wata ma ƙarshen aya kawai take kamawa.

A daren na ce 'yata ta biya mini Suratul Fil. Sau uku ta kakare. Ni malama, ban sani ba!

'Yar'uwa, yaushe rabonki da sauraron karatun ɗanki shi kaɗai? Allah Ya sa mu dace, amin.