Jirgi mara matuƙi da nauyin guzurinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon jirgi mara matuƙi a wajen biki ya san ba ya daɗewa a sama. Minti ashirin, ko ƙasa da haka in ana iska, sai na'urar da ke hannun mai tuƙin ta fara ƙara, jirgin ya juyo ya sauka. A nan Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, wanda muka sani guda ɗaya ne, na yayan ɗayanmu, mai ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu a ƙauyukan Ajingi da Gaya. Da shi yake ciyar da iyalinsa, kuma har yanzu bai gama biyan bashin da ya ci ya saye shi ba. Mu kuwa ɗalibai bakwai ne 'yan aji biyar, masu kiran kanmu ƙungiyar kimiyya, ko da yake duk kayan aikinmu bai wuce kalkuleta biyu da mitar gwada wuta guda ba.

Damuwar Yaya ita ce hawan angwanci. Dawakai kan ɗauki sa'a guda suna zagaya gari, sukuwa kuma sai a ƙarshe, daidai lokacin da batir ya gama. Dangin ango su kalli bidiyo su ga babu abin da suka fi so, su rage masa kuɗi. Wani mai gyaran waya ya ba shi shawarar ya samo ƙarin batir ya ɗaure a bayan jirgin da kyauro, ya haɗa wayoyin, shi ke nan ya ninka lokaci. Yaya ya tara mu ya ce, "Ku da kuke ta karatun kimiyya, yau ga ranarku. In ɗaura ko kada in ɗaura?" Muka ce, "Yaya, ba mu mako biyu."

Shawarar mai gyaran wayar tana da hujjarta, kada a raina ta. In ka ɗaura galan ɗin fetur a bayan babur, za ka je Wudil ka wuce Kano ba ka tsaya gidan mai ba, kuma babur ɗin ba zai ma san an ƙara masa kaya ba. Dalili kuwa, ƙasa ce ke ɗauke da nauyin, inji turawa kawai yake yi. Jirgi mai farfela huɗu ba shi da wannan gata. Babu abin da ke riƙe da shi a sama sai iskar da farfelunsa ke turawa ƙasa, kowace daƙiƙa, ko yana tafiya ko yana tsaye cak. Kowane giram da ka ɗora masa, batir ne zai biya kuɗin ɗaukarsa, har da nauyin shi kansa batirin.

Malaminmu na fiziks ne ya nuna mana cewa kuɗin ɗaukar ba ya tafiya daidai da nauyi, ya fi shi gudu. Ga yadda abin yake. In kana son farfela ɗaya ta riƙe nauyi ninki huɗu, dole ta tura iska da gudu ninki biyu. Amma tura iska da gudu ninki biyu yana cin wuta ninki takwas. Saboda haka, in kana son sanin wutar da jirgi zai ci yana tsaye a sama, ka ɗauki nauyinsa duka ka ninka shi da tushensa, wato sikwaya-rut ɗin da muke yi a aji. Malam ya rubuta wannan a allo, ya ce, "Sauran aikin naku ne," ya tafi sallar la'asar.

Mun kai jirgin shagon mai awon kaya mun ɗora shi a sikeli, sannan muka zaɓi lambobi masu sauƙi kusa da abin da muka gani. Ku ɗauko kalkuleta ku bi mu. A ce jikin jirgi giram 400 ne, batir giram 200, jimla 600, kuma yana yin minti 20. Tushen 600 shi ne 24.5, in ka ninka su ka sami kusan 14,700. Yanzu ƙara batir na biyu: nauyi ya koma 800, tushensa 28.3, in ka ninka ka sami kusan 22,600. Ka ga cin wuta ya ƙaru da ninki 1.54, alhali wutar da ke cikin batir ta ninka biyu. Raba 2 da 1.54, ka sami 1.3. Minti 20 sau 1.3, minti 26 ke nan. Batir guda cur ka saya, minti shida ya ba ka.

Ba mu tsaya nan ba, domin abin ya fara ba mu sha'awa. Batir uku: minti 28. Batir huɗu: minti 28 da 'yan daƙiƙu. Batir biyar: lokacin ya fara raguwa. Ashe akwai ƙololuwa, kuma tana daidai inda nauyin batir ya ninka nauyin sauran jirgin sau biyu. Daga nan duk abin da ka ƙara, garin neman ƙiba ne ka samo rama. Wannan ma a takarda ne, inda injinan farfela ba sa zafi kuma ba sa gajiya. A fili ba za su iya ɗaga batir huɗu ba tun farko.

Da muka kai wa kakan ɗayanmu labarin, wanda ya yi fatauci da jakuna a ƙuruciyarsa, ko gezau bai yi ba. Ya ce ai kowane falke ya san haka. Jakin da ka ɗora wa harawar kwana goma, ba zai ɗauki hajar ka ba, kuma nauyin zai sa ya ci harawar kafin kwana goman. Shi ya sa fataken da ke zuwa Gwanja saro goro suke yada zango, su ciyar da dabbobi a hanya, ba wai su kwaso abincin wata uku daga gida ba. Mu mun ɓata kwana huɗu da kalkuleta, shi ya faɗa yana gyara rawani.

Su kansu masu ƙera jiragen ba su tsira daga wannan lissafi ba. A 2022 kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fitar da wani ƙaramin jirgi mai suna Mini 3 Pro, nauyinsa bai kai giram 250 ba. Batirinsa na asali mai 2,453 mAh ne, kuma kamfanin ya ce yana yin minti 34. Sun kuma yi masa babban batir mai 3,850 mAh, wanda ke yin minti 47, amma jirgin ya koma kusan giram 290. Ku lissafa: wuta ta ƙaru da kashi 57 cikin ɗari, lokaci ya ƙaru da kashi 38 kawai. Kuma waɗannan mintuna a tafiya miƙe aka auna su, babu iska. Mu da ke tashi cikin iskar hunturu, kuma dole mu sauko da saura a batir, ba za mu taɓa ganinsu cif ba. Giram 250 ɗin nan ma ba haka kawai aka zaɓe shi ba: a Amurka jirgin wasa da bai kai wannan nauyi ba ba ya buƙatar rajista. A Najeriya kuwa, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa tashin jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Tushen matsalar shi ne batir abu ne mai nauyi. Kilo ɗaya na batirin lithium mai kyau yana riƙe da ƙarfin da fetur kilo ɗaya ya ninka shi kusan sau 50. Gaskiya ne injin fetur yana zubar da mafi yawan nasa a zafi da hayaƙi, amma ko an cire wannan, ratar tana da faɗi.

To, minti shida ma ai riba ce, in ji wasunmu, sukuwa ba ta wuce haka ba. Nan ne muka koma kan wayoyin, kuma nan ne gabanmu ya faɗi. Hanya biyu ake haɗa batura. Akwai kai-da-gindi, irin na cikin tocila, wanda ke ƙara ƙarfin turin wuta, wato bolt. In ka yi wa jirgi haka, ka ƙona masa ƙwaƙwalwa nan take. Akwai kuma kafaɗa-da-kafaɗa, wanda ke barin bolt yadda yake ya ƙara yawan wutar, kamar ka haɗa randa biyu da tiyo. Wannan shi ne daidai, amma da sharaɗi: dole baturan su zama iri ɗaya kuma cajinsu ɗaya lokacin haɗawa. In ɗaya ya fi cika, zai kwarara cikin ɗan'uwansa da ƙarfi har waya ta yi ja.

Sai kuma irin batirin da za a samu. Abin da ya fi sauƙi a wajenmu shi ne zagayayyun nan da ake cirowa daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ko fitilar caji, masu lamba 18650. Lambar girmansu ce: faɗi milimita 18, tsawo 65. Kowanne ya kai giram 45. An yi na kwamfuta ne don su ba da wuta a hankali na tsawon sa'o'i, jirgi kuwa zuƙa yake yi gaba ɗaya, sai su yi zafi, ƙarfinsu ya faɗi ana tsakiyar sama. A kula kuma da abin da aka rubuta a jikinsu. Mafi kyawun wannan girma ba su cika wuce 3,500 mAh ba, don haka in kun ga wanda aka buga wa 9,900, tawada ce kawai.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne batirin jirgin Yaya yana da 'yar na'ura a ciki da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, ita ce ke gaya wa jirgi saura kaza, juya gida. In ka liƙa wani batir daga waje, ƙirgen ya ɓaci. Allo zai nuna maka lamba, amma ba ka san ko gaskiya ce ba. Ku ƙara da cewa nauyi a baya yana karkatar da jirgi, injina biyu su riƙa aiki fiye da sauran biyu. Ku ƙara da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura 40 a ƙasar Kano, iyakar da aka rubuta wa yawancin waɗannan ƙananan jirage ke nan, iska kuma ta yi sako-sako, farfela ta rasa abin kamawa. Batirin lithium in ya huje ko ya yi zafi fiye da ƙima yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A garin da bayan kaka kowane gida akwai kara da harawa a kan rufi da rumbu cike da gero, kuma a ƙasan jirgin akwai dawakai da yara, minti shida ba su kai wannan ba a ganinmu.

Amsar da muka kai wa Yaya tana cikin lissafin farko. Batir biyu a ɗaure, minti 26. Batir biyun nan in ka tashi da ɗaya, ka sauko ka canza, minti 40, kuma canjin bai fi minti ɗaya ba. Zangon fatake ke nan. Muka ce ya tara kuɗi ya sayi batir na biyu na asali, ya tambayi jagoran mahaya tun da safe inda za a yi sukuwa, ya sauko ya canza kafin a isa wurin. Muka ƙara masa da 'yan abubuwan da ba sa cin ko sisi: ya goge ƙurar farfela, ya canza wadda ta tsage, ya cire duk wani ado mai nauyi, kada ya bar batir a rana ko a akwatin babur, kada ya kai shi wajen mai cajin sola yana da zafi, in ba aiki ya ajiye shi da rabin caji, in kuma ya ga ya kumbura ya rabu da shi. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato dai kuɗi za ku sa ni kashewa." Muka ce, "Ƙasa da kuɗin sabon jirgi, Yaya." Ya yi dariya ya saya mana rake.

Tambaya ɗaya ta rage mana: to jiragen da ke yin doguwar tafiya da batir, yaya suke yi? Kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda a 2016, kuma a 2022 ya fara aiki a jihar Kaduna. Jiragensa na ɗaukar kaya kusan kilo biyu, su je nisan kilomita 80, su saki kayan da 'yar laima, su koma gida. Sirrin ba a girman batir yake ba, fukafukai gare su. Fiffike yana samun ɗagawa daga iskar da yake ratsawa, inji turawa gaba kawai yake yi, kamar na babur. Shi ya sa shaho zai yi ta shawagi a kan gonakinmu da rana tsaka ba tare da ya kaɗa fiffike ba. Abin da ya rasa shi ne tsayawa wuri ɗaya, wanda shi ne mai ɗaukar biki yake buƙata.

Tarihin baka ya ce maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala daga Gaya suka tafi neman tama, ana kiran zuriyarsu Abagayawa, don haka ba abin mamaki ba ne in hannunmu yana ƙaiƙayi. Mun samo farin soson da ake kunsa firji a ciki daga wani shago a Gaya, mun yanka fiffike mai tsawon mita ɗaya da reza, mun ƙarfafa shi da tsinken kara. Babu inji a jikinsa tukuna, babu batir. Jifa muke yi da hannu a filin ƙwallo bayan an tashi, muna matsar da ƙusa guda gaba da baya a hancinsa, muna ƙirga taku nawa yake yi kafin ya taɓa ƙasa.