Taya ba ta mutuwa da kanta

Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi farar Hilux ɗin nan da kuke gani a gefen masallaci da asuba. Tokunbo ce, amma ita ke kai mu Oke-Ogun kusan kowane mako. Mu bi ta Iseyin mu wuce Saki ko Igboho, mu shiga ƙauyuka mu ɗauko doya da masara da alabo, mu sauke a Bodija kafin mu dawo gida Sabo. Abincin gidaje huɗu a kan ƙafafunta huɗu yake.

A daminar bara ne ta kusa kashe mu. Mun fito daga wani ƙauye da lodin doya, mun hau titin Iseyin zuwa Moniya da tsakar rana. Kun san titin nan tunda aka sake gina shi aka buɗe a 2021, sumul yake, ƙafar direba ba ta son sauka daga totur. Ba mu ankara ba sai ƙara kamar ta bindiga. Tayar baya ta dama ta fashe, motar ta yi ta rawa, ta kwashe mu zuwa cikin jeji. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yaron motarmu ya karye a hannu, rabin doyar kuma ta farfashe.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne tayoyin sababbi ne, ba su kai wata tara ba. Nan take muka yanke hukunci cewa mai shago ya cuce mu, jabu ya sayar mana. Har mun shirya zuwa mu yi masa rashin mutunci, sai wani dattijo a layinmu, wanda ya shekara da shekaru yana jan tirela tsakanin Apapa da Kano, ya ce a kawo masa tayar ya gani.

Ya juya ta, ya shafa bakinta na ciki da na waje, ya sa hannu a cikinta ya fito da wani baƙin gari kamar na gawayi.

"Yarana, wa ya sace mata iska?" in ji shi.

Muka kalli juna. Muka ce, "Baba, mu ne. Mun rage ne saboda laka."

"To da kuka hau kwalta, kun mayar?"

Babu wanda ya amsa.

Rage iska a laka ko yashi ba laifi ba ne, duk mai shiga daji da fowil ya san wannan. In ka rage, tafin tayar yana baje, ta kama ƙasa, motar ba ta nutsewa. Amma wannan dabara ce ta tafiyar hawainiya. Da zarar ka hau kwalta da wannan iskar, ga lodi, ga gudu, ga rana, gefen tayar sai ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi. Wannan lanƙwasar ita ke haifar da zafi, zafin ya dafa robar daga ciki har ta saki wayoyin da ke riƙe da ita. Garin da Baba ya ɗebo, cikin tayar ne ya cinye kansa.

Bai tsaya nan ba. Ya zagaya gaban motar ya nuna mana tayoyin gaba. Su kuma tsakiyarsu ce ta suɗe, gefe da gefe zanen na nan kamar ba a taɓa ba. Wannan alamar iska ce ta yi yawa. Gaskiya ne, mu da bakinmu muke ce wa mai faci, "Oga, sa hamsin, hanya za mu." Muna ganin taya mai tauri ita ce mai ƙarfi. Ashe in ta cika fiye da kima, tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, birki ba ya kamawa sosai, kuma in ta daki bakin rami ko dutse ba ta da sassaucin da za ta shanye dukan. Daga nan sai ƙullutu ya fito a gefe, ko ta tsage. Mota ɗaya, baya yunwa, gaba ƙoshi har da amai.

Abin kunyar, amsar tana jikin motar tun ranar da muka saye ta. In ka buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin da ke nuna iskar gaba da ta baya, in babu kaya da kuma in an yi lodi. Lambar da ke rubuce a gefen taya kuwa, wadda wasu masu faci ke nuna maka, ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba abin da motarka ke buƙata ba. Sannan awon gaskiya da safe ake yi kafin mota ta yi tafiya. In taya ta ɗau zafi iskar cikinta na kumbura, geji ya nuna sama da yadda take. Wanda ya tsaya a Oyo ya ga lamba ta hau ya sace iska, ya jawo wa kansa irin abin da ya same mu.

Sauran laifin na ƙafa da hannu ne. Direbanmu, wanda ɗaya ne daga cikinmu, yakan manta giyar fowil a ciki bayan mun fito daga daji. Irin Hilux ɗinmu, in ka sa fowil, ƙafafun gaba da na baya a ɗaure suke, dole su juya tare. A laka babu damuwa, ƙasa na ba su damar zamewa. A busasshiyar kwalta kuwa, duk kwanar da ka sha tayoyin ne ke gurzar titi, giyar ma tana shan wahala. Ga fizgar mota daga tsaye, ga taka birki da ƙarfi a kan kowane tudun rage gudu, ga hawa bakin kwata da tayar gaba don neman wurin ajiye mota a Mokola. Ga kuma babban ciwonmu 'yan kasuwa: "ƙara buhu biyu, ai za ta ɗauka." Kowace taya tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata, kuma fowil ba ya ƙara mata ko kilo ɗaya.

Da can in taya ta mutu sai mu ce a sayo wata. Yanzu wa ke iya wannan? Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal, Dunlop ta daina yi a Ikeja, tun kusan 2007 da 2008. Tayar da muke sawa daga waje take zuwa, da dala ake sayo ta, kuma kowa ya ga yadda naira ta yi tun 2023. Shi ya sa da yawanmu suka koma tayar tokunbo. Araha ba ta ado. In ma dole ce ta sa, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. 'Yan Rod Sefti suna ɗaukar shekara huɗu daga wannan rana a matsayin wa'adin taya. Roba na tsufa ko da zanenta bai taɓu ba.

Ga abin da muka koma yi. Mun sayi ƙaramin geji namu na kanmu, don na masu faci ba duka ke faɗin gaskiya ba, wani ya faɗi ƙasa sau ɗari. Mun sayi ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota. Duk ranar tafiya, bayan sallar asuba, sai mun auna ƙafa huɗu har da safaya. In mun rage iska a daji, ba ma hawa kwalta sai mun mayar, ko da kasuwa za ta tashi. Duk bayan kamar kilomita 10,000 muna sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, a duba alaimen. Lodi kuma mun sa masa iyaka, duk da wannan ne ya fi jawo mana gardama a tsakaninmu. Tayoyin da muka sa bayan haɗarin sun riga sun wuce watannin da na farko suka yi, kuma zanensu daidai yake ci.

Mun rubuta wannan ne saboda Sallah na matsowa. Motoci za su fita daga Sabo cike da mata da yara da tsaraba, su bi Ogbomoso, Ilorin, Jebba, Mokwa, tafiyar yini guda cikin rana da ramuka. In abu ya faru mukan ce ƙaddara ce, kuma haka ne. Amma malamanmu kullum suna tuna mana cewa tawakkali bai hana bin sababi ba. Awon iska minti biyar ne.

Mai shagon kuwa, ba mu je masa da rigima ba. Mun koma wurinsa muka sayi wasu, ba tare da ya san irin zagin da ya sha a bayan idonsa ba. Allah Ya yafe mana, Ya kai kowa gida lafiya.