Tsamin da Ake Jira Shekara Biyu

A bakin Bahaushe, tsami kalma ce mai fuska biyu. Idan aka ce dangantaka ta yi tsami, an san ba alheri ake nufi ba, kuma miyar da ta kwana ta yi tsami zubarwa ake yi. Amma bakin da ya faɗi haka shi ne zai ture kokon da bai yi tsami ba ya ce lami ne, shi ne kuma zai nemi nonon da ya kama sosai kafin a dama masa fura. Ke nan akwai tsamin lalacewa, akwai kuma tsamin nuna, kuma harshe ya iya raba su tun kafin kimiyya ta raɗa wa kowanne suna.

A ƙasar Beljiyam, a kwarin kogin Senne da yankin Pajottenland da ke kudu maso yammacin birnin Brussels, akwai masu sana'ar da suka ɗora rayuwarsu a kan wannan siririn bambanci. Abin da suke yi giya ce mai tsami da ake kira lambik. Mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, hukuncin giya a wurinsu sananne ne, kuma babu wani bayanin ɗanɗano da zai sauya shi. Sai dai sanin yadda abu yake daban ne da shansa. Labarin wannan giya labari ne na ƙwayoyin halitta da haƙuri da sanyin dare, kuma ya shafi wanda bai taɓa kusantar kwalba ba.

A ƙarni na 19 masana'antun giya na Turai sun ɗauki tsami a matsayin cuta. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya wallafa bincikensa a kan giya a 1876, inda ya nuna cewa wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke lalata ta. A 1883, Emil Christian Hansen, wanda ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a Denmak, ya ware yisti iri guda tsantsa, ya nuna za a iya rainonsa shi kaɗai. Daga nan aka samu giyar zamani: tukunyar ƙarfe a rufe, yisti ɗaya tilo, makonni kaɗan, ɗanɗano iri ɗaya daga kwalbar farko zuwa ta miliyan. Masu lambik kuwa suka tsaya a kan tsohuwar hanya, wato a bar tukunya a buɗe, duk abin da ke cikin iska da katako ya shigo ya yi aikinsa.

Gidan da ya fi shahara da wannan hanya shi ne Cantillon, wanda aka kafa a 1900 a unguwar Anderlecht ta Brussels, kuma har yau zuriya ɗaya ce ke riƙe da shi. Aikin yana farawa da hatsi iri biyu, tsiron sha'ir kusan kashi biyu cikin uku, sauran kuma alkamar da ba a tsirar ba. Ana dafa ruwan hatsin na sa'o'i tare da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof. Da yamma sai a tura ruwan zuwa ɗakin sama, ƙarƙashin rufi, a zuba shi cikin wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe marar zurfi. A nan zai kwana a buɗe, iskar dare tana ratsowa ta kafofin jikin ɗakin tana huce shi. Kafin gari ya waye, yisti da bakteriya daga iska da daga tsofaffin katakan rufin sun sauka a ciki. Babu wanda ya zuba musu komai da hannu. Da safe a ɗura ruwan cikin gangunan katako, galibi na itacen oak waɗanda aka taɓa adana ruwan inabi a ciki, a jera su a ma'aji, a fara jira.

Abin da ke faruwa a cikin ganga ya yi kama da sarautar da ake gada daga gida zuwa gida. A makonnin farko wasu bakteriya ne ke cin kasuwarsu, sannan yistin da aka sani a burodi ya karɓa, ya mayar da sukari barasa, kumfa tana ambaliya ta bakin ganga. Bayan wasu watanni, idan ɗumi ya shigo, sai bakteriyar da ake kira Pediococcus ta hau, ta samar da asid ɗin laktik, wato ainihin sinadarin da ke ba nono da kindirmo tsaminsu. A wannan mataki giyar kan yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, har masu sana'ar sukan ce ba ta da lafiya. Wanda bai sani ba zai zubar. Wanda ya sani zai ƙyale ta, domin magajin ƙarshe yana nan tafe: wani yisti mai nawa da ake kira Brettanomyces, wanda ke cinye yauƙin da ragowar sukarin da sauran suka kasa. Wani masanin Carlsberg, Niels Hjelte Claussen, shi ya bayyana wannan yisti a 1904 bayan ya same shi a giyar Ingila, kuma ɗaya daga cikin ire-irensa yana ɗauke da sunan Brussels, ana ce masa bruxellensis.

Gangar ita kanta ma'aikaciya ce. Katako yana barin iska kaɗan ta ratsa a hankali, daidai abin da yistin nan ke buƙata. Idan iskar ta yi yawa, wasu bakteriya dabam za su mayar da barasar ruwan khal, shekarun jira su tafi a banza. Haka kuma ƙwayoyin halitta suna samun mafaka a ƙofofin katakon, shi ya sa ganguna biyu da aka cika rana ɗaya daga tukunya ɗaya kan fito da hali daban-daban. A ma'ajin Cantillon ba a share saƙar gizo-gizo, saboda gizo-gizon ne ke kama ƙananan ƙudajen da za su iya kawo ƙwayoyin da ba a so. Baƙo yakan ga saƙar ya ɗauka ƙazanta ce, alhali masu gadi ne a bakin aiki.

Furen hof yana shiga wannan labari sau biyu, kuma a nan hikimar take. A giyar yau da kullum ana dafa sabon fure don ya ba da ɗaci. Masu lambik ba ɗaci suke nema ba, domin ɗaci mai ƙarfi da tsami mai ƙarfi ba sa zama lafiya a kan harshe ɗaya. Don haka sukan ajiye furen shekara biyu zuwa uku har ɗacinsa da ƙamshinsa su gushe, ya rage masa ƙarfin hana wasu bakteriya yaɗuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Tsohon furen nan shi ke tsare giyar ta yi shekaru a ganga ba ta ruɓe ba.

Shigar fure ta biyu ita ce jiƙa shi a sanyi, dabarar da aka daɗe da sani a Ingila kuma ƙananan masana'antun Amurka suka yayata a 'yan shekarun nan. Bayan giyar ta gama tsimuwa, sai a zuba mata sabon fure mai ƙamshi ba tare da an ɗora a wuta ba, a bar shi makonni kaɗan. Da yake babu tafasa, ɗacin da ke fita kaɗan ne, amma man da ke cikin furen, wanda zafi kan kora, yana narkewa ya zauna. Cantillon yana da giya biyu da aka san su da wannan. Ɗaya ita ce Iris, wadda aka fara yi a 1998 don cikar shekara 20 da buɗe gidan tarihin masana'antar, aka kuma sa mata sunan furen da ke tambarin Brussels. Ɗayar ita ce Cuvée Saint-Gilloise, lambik mai shekara biyu a ganga wadda ake jiƙa wa sabon fure kafin a ɗura ta a kwalba. An fara yin ta a 2004 don girmama ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Union Saint-Gilloise, wadda iyalin gidan ke goyon baya. Ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar Beljiyam a 1935, ba ta sake ɗauka ba sai a 2025. Magoya bayanta da masu gangunan nan duka sun san jira.

Mai ɗanɗano da ya ƙware ba ya gaggawa da irin wannan kwalba. Ba ya sanyaya ta har ta yi ƙanƙara, domin sanyi mai yawa yana rufe ƙamshi. Akan kwantar da kwalbar a cikin ɗan kwando a tsiyaya a hankali don kada gurɓin yistin da ya kwanta a ƙasa ya tashi. Hanci ke fara aiki. Abin da ke fara isowa shi ne na sabon fure: ɗanyar ciyawa, ɓawon lemo, wani abu mai kama da furanni bayan ruwan sama. A ƙarƙashinsa akwai na ganga da na Brettanomyces, wanda masu bayanin ɗanɗano ke kwatantawa da tsohuwar fata, da busasshiyar ciyawa, da bargar doki. Wanda ya taɓa shiga shagon dukawa ko ya tsaya kusa da dawakin hawan Sallah ba zai rasa gane abin da suke nufi ba. A kan harshe tsamin ne ke zuwa da farko, mai tsabta kamar na lemun tsami, sannan ɗan bauri daga katako, sannan bushewar baki, domin sukari ya ƙare ƙaf. Barasar da ke ciki kimanin kashi 5 cikin 100 ce.

Abin da yake nema shi ne daidaito, kuma yana da alamomin gane aibi. Tsamin laktik yana da laushi, yana sa yawu ya taru. Tsamin khal yana da kaifi, yana ƙona maƙogwaro, kaɗan daga cikinsa ado ne, da yawansa shaida ce cewa iska ta yi wa ganga yawa. Idan furen ya danne komai, an ɓata shekara biyu da aikin mako uku. Idan ba a ji shi ba sam, an yi wahalar banza. Akwai kuma batun lokacin buɗewa, domin agogo biyu ne a cikin kwalba ɗaya kuma ba tare suke tafiya ba. Ƙamshin sabon fure yana dusashewa cikin watanni, amma tsamin da aikin yisti suna ci gaba da zurfafa shekara da shekaru. Wanda ya buɗe da wuri zai samu furen a kan ganiyarsa. Wanda ya ajiye zai samu zurfin ganga, furen kuwa ya riga ya tafi. Dole ya zaɓi ɗaya.

Tushen wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Bafulatanar da ke barin ɗan ragowar nonon jiya a ƙwarya don madarar yau ta kama, abin da gangar oak ke yi shi take yi: tana gadar da ƙwayoyin halitta daga kwano zuwa kwano. Matar da ke jiƙa gero ta bar ƙullu ya kwana don koko ko kunun zaƙi, bakteriyar laktik take kiwo ko da ba ta san sunanta ba. Burukutu ma, wadda ake yi da tsiron dawa a wasu al'ummomin Arewa da Tsakiyar Najeriya, mataki biyu take bi, tsami da farko sannan barasa. Bambancin shi ne ba ta da furen da zai tsare ta, ga kuma zafin ƙasa, don haka cikin 'yan kwanaki take juyewa. Abin da Beljiyam ta ƙara shi ne sanyi, da fure, da ganga, da kuma hukumomin da suka tsaya wa sana'ar. Masu lambik sun kafa ƙungiyarsu ta HORAL a 1997, Tarayyar Turai ta ba sunayen giyar kariyar doka, kuma a 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun gado na duniya.

Kafin a kai ga wannan karramawa, sana'ar ta kusa mutuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bakin mutane ya saba da lemon kwalba da giya mai sauƙi, manyan kamfanoni suka riƙa zuba wa lambik kayan zaƙi, ƙananan gidaje da yawa suka rufe. Jean-Pierre Van Roy, malamin makaranta da ya auri 'yar gidan Cantillon ya karɓi ragamar aikin, ya zaɓi ya tsaya a kan tsami tsantsa. A 1978 ya mayar da masana'antar gidan tarihi don kuɗin masu ziyara ya taimaka wajen riƙe ta. Ya rayu ya ga ranar da mutane ke tasowa daga Amurka da Japan suna layi a ƙofarsa, ɗansa Jean Van Roy kuma ya gaje shi.

Barazanar yau ta fi ta zaƙi wuyar magani. Farantin jan ƙarfen nan yana buƙatar dare mai sanyi, tsakanin digiri 3 ƙasa da sifili zuwa digiri 8 a ma'aunin Selshiyas, don ruwan ya huce da saurin da ya dace kuma ƙwayoyin da ba a so su yi ƙaranci a iska. Shi ya sa ake dafa lambik daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Afrilu kawai. A kakar 2015 darare suka ƙi yin sanyi a Brussels, har Jean Van Roy ya zubar da dahuwa uku ya dakatar da aiki, ya kuma danganta abin da ɗumamar yanayi. Na'urar sanyaya ɗaki za ta iya huce ruwan, amma daga ranar da aka kunna ta, iskar dare ta fita daga cikin aikin, abin da zai fito kuma ba shi ne abin da kakanninsa suka yi ba.

Manomin gero a Maraɗi ko Katsina, wanda ke duban gabas yana lissafin ranar da damina za ta sauka, zai fahimci wannan damuwa ba tare da tafinta ba. Shi da mai gangunan Anderlecht sun gaji sana'ar da aka auna da yanayin da iyayensu suka sani, kuma yanayin yana sauyawa a hannunsu. Kowace kwalbar lambik da aka jiƙa wa fure tana ɗauke da shaidar wani dare guda mai sanyi da aka yi shekara biyu da suka wuce. Idan irin waɗannan darare suka ci gaba da raguwa, gangunan da ake cikawa a kowace kaka za su ragu tare da su.